Akuyar da Ta Yi Kuka a Cikin Rigar Alhaji

Tun da na dawo daga tsallaken iyaka ban samu sakat a shago ba. Wanda ya kawo gyaran wurin caji sai ya tambaye ni Nijar, wanda ya zo canza gilashi sai ya tambaye ni Nijar, har mai kunun da ke gefenmu ta ce ta ji wai an karrama ni a can. Maganar karramawar nan daga bakina ta fito, ba zan ɗora wa kowa ba. Na gaji da toshe ƙarya da wata ƙarya, don haka na zauna na rubuta abin yadda ya faru. Kowa ya karanta, a bar ni in yi aiki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali, gyaran waya nake yi a Katsina. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar aka rabu. Haɗa manhajar waya kuwa a bidiyo na koya, ina kallo ina tsallake wuraren da ban gane ba, kuma su suka fi yawa. Duk da haka na sa mai fenti ya rubuta mini Injiniya a saman ƙofa.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Bugaje, amma a Jibiya yake zaune. Dillalin dabbobi ne. Tun kafin a haife ni yake yi wa Alhaji Haruna dillanci, wani babban mai fataucin raguna a tsallake, kuma duk abin da ake ci a gidan Kawu ta hannun Alhajin yake biyowa. Da ƙafa ta fara ba Alhaji wahala ya daina zagaya kara, wato kasuwar dabbobi, ni na ba Kawu shawarar a yi abin zamani. Kawu zai zagaya ya ɗauki hoton kowane rago, hotunan su fito a wayar Alhaji yana zaune a rumfarsa, ya danna wanda yake so, zaɓin ya faɗo a wayar Kawu, shi kuma ya je ya yi ciniki. Kawu ya je ya yi ta yabona a gaban Alhaji, har da cewa a Katsina ana layi kafin a gan ni.

Na haɗa manhajar, na tura. Abin da ban yi ba shi ne alama. In ka danna hoto ka zaɓa, in ka sake dannawa ka fasa, amma hoton yana nan yadda yake, ko gezau. Alhaji ya danna, bai ga komai ba, ya sake dannawa, ya ƙara da ƙarfi. Ragon da ya yi sa'a dannawar ta ƙare a kan zaɓi, wanda bai yi ba ta ƙare a kan fasawa. Kawu ya riƙa barin manyan raguna yana sayo wa Alhaji waɗanda yatsa ya goga bisa kuskure. Alhaji ya fara zargin ko Kawu ya haɗa baki da masu dabba ne yana fakewa da waya. Daga ƙarshe ya ce masa in kasuwa mai zuwa aka sake haka, zai nemi wani dillali.

Da Kawu ya kira ni ya faɗa mini, abin da na ce, Allah ya yafe mini, shi ne yatsan tsofaffi ya bushe, a riƙa shafa mai. Kawu ya ce, “Lawali, ka taho da kanka ka shafa mishi.”

Sai na zauna gyara, amma da fushi na yi shi. Alama suke so? To za su ga alama. Na sa duk hoton da yatsa ya tsaya a kansa ya kumbura ya cika fuskar waya. In an danna kuma, zobe mai ruwan zinariya ya kewaye shi, haske ya riƙa walƙiya, sannan kukan dabba ya fito da iyakar ƙarfin lasifika, ko da an rufe wa wayar murya. Na kalli aikina na ce ko a birnin Turawa sai haka.

Ranar tafiya na sa kwat. Ba ni da dalili sai dai ban taɓa ganin hoton injiniya da jamfa ba. A tashar motocin zuwa Jibiya aka cusa mu a wata tsohuwar mota, ni a gaba tare da wani mai buhun albasa da ya ƙi yarda a raba shi da buhunsa. Kafin mu bar gari kwat ɗin ta jiƙe, kafin Daddara ta koma warin albasa. Hanyar Jibiya kun san ta, shinge bayan shinge, direba na gaisawa, fasinja na addu'a a zuci. A bayana akwai wata dattijuwa za ta Maraɗi ganin jika. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Ɗan nan, kai likita ne?”

Na ce injiniya ne, manhaja nake kai wa wani attajiri a ƙasar waje. Ƙasar wajen nan da ƙafa ma ana zuwa, amma haka na faɗa. Ta ce in nuna mata. Na miƙa mata wayar, ta ɗora yatsa a kan wani rago, kuka ya tashi. Direba ya taka birki, buhun albasa ya hau ƙirjina, ya fita da gudu yana leƙa ƙarƙashin mota yana salati. Da ya gane inda kukan ya fito, ya daɗe yana kallona, ya ce in na sake sai dai in ƙarasa a ƙafa. Mai hankali da ya ɗauki darasi a nan. Ni kuwa abin da na ɗauka shi ne lasifikar tana aiki.

A Jibiya matar Kawu ta kawo mana fura mai sanyi da soyayyen kifi. Kawu bai ci sosai ba. Ya ce in nuna masa gyaran. Na ƙi. Na ce sai a gaban Alhaji, don so nake a yi mamaki da yawa a lokaci guda.

“Ka dai gwada shi?”

“Kawu, wannan aikin ilimi ne.”

“To, Allah shi sa ilimin mai anfani ne,” in ji shi, ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

Muka hau babura zuwa Magama, inda iyakar take. Ban san me na zata ba, wataƙila katanga. Abin da na gani manyan motoci ne a jere, mata masu tallar dafaffen ƙwai, 'yan canji a inuwa, da mutane suna wucewa ta nan suna dawowa ta can kamar tsakar gida. Kawu kowa ya san shi, gaisawa kawai yake yi. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katina ya duba, ya dubi kwat ɗina, ya ce, “Mushe,” wato malam a Faransancinsu, “mi kake yi na aiki?”

Na gyara tsayuwa na ce injiniya.

Fuskarsa ta washe. “Alhamdu lillahi! Pankarmu ta mace tun shekaranjiya. Bismilla.”

Ya kai ni wani ɗaki, ya nuna mini fanka a sama da kujerar takawa. Na hau, na juya fukafukan da hannu, na ƙwanƙwasa, na kara kunne kamar mai sauraron ciki. Kawu na tsaye a ƙofa, bai cece ni ba. Da gumi ya fara ɗiga ta haɓata, sai na sauko na ce gaskiya ni waya nake gyarawa. Jandarman ya yi dariya har da riƙe bango, ya ce ai da na faɗa tun farko, ya ciro wayarsa mai toshewar wurin caji. Na share masa da tsinken sakace. Wannan ne kaɗai aikin da na yi a tafiyar nan ba tare da na ɓata wani abu ba.

Ana tsallakawa wayata ta ɗauke. Na ce babu sabis, mai babur ya ce a nan rezo ake cewa, wayar ma salula ce. Hausar ɗaya ce, sai dai nasu kayan aron daga wani maƙwabci suka karɓo. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata ake riƙe shi, in ka gatsa sai dasashi ya san an yi baƙo. Shayi kuwa ba irin namu ba ne da ake cika moɗa a tsoma burodi. A wani ɗan kofin gilashi ake ba ka, baƙi, mai ɗaci, ana ta ɗaga buta ana zubawa ana mayarwa har ka manta abin da ya kawo ka. Na shanye nawa a kurɓi ɗaya na tambayi ina madara. Mai shayin ya dubi Kawu ya ce, “Wanga baƙo naka ne?” Kawu ya ce ɗan 'yar'uwarsa ne, a yi haƙuri.

A zauren baƙin Alhaji aka sauke mu, tare da fatake daga ko'ina, kowa da tabarmarsa da butarsa. Aka kawo dambu da zogale a babban faranti, hannu goma a ciki, wanda ya tsaya labari ya kwana da yunwa. Ni na tsaya labari. Bayan magariba aka shigar da mu wurin Alhaji. Ƙaton mutum ne mai sanyin magana, ƙafarsa ɗaya a kan matashi. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Kai ne malamin? Sale ya sa wuyanshi a kanka.” Na sa sabuwar manhajar na mayar masa, na ce kada ya taɓa sai gobe, zai ga abin mamaki. Ya ce shi a shekarunsa ba ya son mamaki, raguna yake so.

Yanzu sai na faɗi abin da duk wanda ya taɓa raka babansa sayen ragon layya ya sani, ni ma na sani, amma girman kai ya rufe mini shi. A kara, mai saye ba ya nuna dabbar da ransa ke so. Wadda yake so ita yake kushewa, idonsa na kan wata. Farashi ma ba a faɗa da baki in cinikin babba ne. Mutum biyu za su haɗa hannu a ƙarƙashin riga ko rawani, suna matsa yatsun juna, fuska ba ta nuna komai, na kusa da su bai san ko gaisawa suke yi ba. Dukiyar mai saye a wurin nan ita ce kada a karanci zuciyarsa.

Da hantsi kara ta cika. Aka zaunar da Alhaji a rumfarsa da farar babbar riga, masu dabbobi suna zuwa gaisuwa suna zama. Kawu ya gama zagaye ya turo hotuna ya dawo. Ni ina gefe, na sake sa kwat. Cikin masu zaman akwai Malam Buba, wani makiyayi siriri mai malafa, wanda ya kawo raguna masu kyau, cikinsu da wani farin balami da ko ni na san ya fi sauran. An ɗaure shi a gaban rumfa, kowa na satar kallonsa.

Alhaji ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai. “Buba, wanga abu mi ya same shi? Kamar wanda ya yi jinya. Dubi baya, duk ƙashi.”

“Haka Allah ya yi shi, Alhaji,” in ji Malam Buba.

“Ni wancan ja ya ɗan fi mini, shi ma ba don komi ba.”

Yana faɗin haka hannunsa na cikin riga da wayar. Yana so ya leƙa ta wuyan riga ya danna balamin a asirce, Kawu ya ji a aljihu. Na ga ya sunkuyar da kai kamar mai gyara tazuge.

Sai rigar Alhaji ta kama da haske. Farar shadda ce, rumfar kuma da duhu-duhu, cikinsa ya riƙa walƙiya kamar motar amarya. Kuka ya tashi daga ƙarƙashin rigar, dogo, mai karkarwa. Alhaji ya firgita ya fizgo wayar waje, ga hoton farin balami ya cika fuskarta, zoben zinariya na zagaya shi, kowa a rumfar yana gani. Ya danna don ya kashe, ta sake kuka. Raguna a waje suka amsa.

Malam Buba ya cire malafarsa ya leƙa wayar da kyau, ya leƙa ragonsa.

“Ashe mai jinyar anka zaɓa,” ya ce. “Kuma Alhaji, wanga kukan akuya ne.”

Gaskiyarsa. Ban samu rago ba lokacin da nake haɗawa, akuya na ɗauka a bayan shago, na ce wa zai gane.

Rumfa ta fashe da dariya, har waɗanda ke nesa suka taho tambaya. Malam Buba ya kwance balaminsa, ya ce yau dai ya fasa sayarwa, tunda har waya ta san darajarsa sai ya ƙara tunani. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya aje wayar a tabarma ya ce, “Sale, da can abin da ban so kake sayo mini. Yanzu ka kawo mai tona ni gaban kara. In an yi la'asar ka zo mu yi sallama.”

Na taɓa ganin Kawu cikin rashi, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗauki wayar don Alhaji ya ce a cire masa abin, muka fita. Muka zauna a bencin mai shayi. Na jira ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Shi kuwa sai juya sandarsa yake yi a ƙasa. Mutum ya tsufa a aiki ɗaya, ni na zo da kwat na rushe shi kafin azahar.

Daga inda muke ina hango Malam Buba da wani mai saye, hannuwansu a ƙarƙashin mayafi ɗaya. Suna kallon wani wuri daban, ɗaya ma yana hamma, amma mayafin na ɗan motsi. Na daɗe ina kallonsu. Kowane ɗayansu ya san an taɓa shi, ya san abin da aka ce masa, kuma duk kasuwar ba wanda ya ji. Da farko na yi wa Alhaji manhajar da ba ta amsa masa. Sannan na yi masa wadda take amsa wa duk gari. Ban taɓa tambayar kaina wa ya kamata ya ji amsar ba.

Na cire kwat ɗin na shimfiɗa, na ɗora kwamfuta a kai, mai shayi ya ba ni wuta daga batirinsa na sola. Na cire zoben, na cire walƙiya, na cire kumburi, na cire akuya. In yatsa ya tsaya a kan hoto, wani siririn layi ne zai fito a gefensa, wanda sai mai riƙe da wayar zai gani, yana ɗaga yatsa ya ɓace. In ya danna, wayar ta ɗan motsa a tafin hannu, gajere, kamar an matsa maka yatsa, da ɗigo ƙarami a kusurwar hoton. In ya fasa, motsin ya yi tsawo, ɗigon ya tafi. Wannan karon na miƙa wa Kawu na ce don Allah ya gwada. Ya sa ta cikin riga ya danna. Na tambayi mai shayi ko ya ga wani abu. Ya ce shi dai ya ga tsoho yana sosa ciki.

Ba mu jira la'asar ba. Na durƙusa a gaban Alhaji na ce laifin duka nawa ne, na farko da na biyu, Kawu bai taɓa cin amanarsa ba, ni ne ban iya ba na ce na iya. Ya ce ya ji. Da ƙyar ya karɓi wayar, da yatsa biyu, kamar an miƙa masa kunama. Ya sa ta cikin riga, mutanen rumfa suka matsa baya suna jira. Shiru. Alhaji ya ci gaba da hira a kan tsadar dusa. Can na ga Kawu ya dafa aljihunsa, ya miƙe kamar mai neman wurin alwala. Bai daɗe ba ya dawo da igiyar wani baƙin rago a hannu. Alhaji ya dubi ragon, ya dubi Kawu, ya ce, “Zamna, Sale. Ka tsaya mini a kai kamar baƙo.”

Na ji kamar an sauke mini dutse. Ina shirin sulalewa sai Alhaji ya yafuto ni, ya rage murya.

“Ina akuyar?”

“Na cire ta, Alhaji. Har abada.”

“Maido ta.”

Abin da yake so shi ne dannawa iri biyu. Gajeriya ta yi shiru ta je wa Kawu. In kuma ya daɗe yana dannawa, haske da kuka su tashi, amma kada komai ya je ko'ina. Na gane abin da ake nufi sarai. Da ina da nauyin da nake nuna wa mutane, da na ce a'a. Kafin a kira salla na gama, har da ƙara wa akuyar murya.

Da yamma Malam Buba ya dawo da sauran ragunansa. Rigar Alhaji ta sake kamawa da haske, akuya ta yi kuka a kan wani rago mai ɗingishi, Alhaji ya fizgo wayar kowa ya ga hoton, ya yi salati ya zage ni a gaban jama'a, ya ce yaron nan zai kashe shi. Malam Buba ya rungume mai ɗingishin ya ce wannan sai an daɗa. Yana can yana tsaron sa, Kawu ya sa hannu a mayafi da shi a kan na kusa da shi, wani lafiyayye da Alhaji bai ko kalla ba amma ya danna shi a asirce, aka sallama ba gardama.

Washegari muka kamo hanyar gida. Kawu na gaba yana ta gaisawa da mutane da ƙarfi, sandarsa a kafaɗa, aikinsa na nan. Ni abin bai bar ni ba. Muna tsallakowa Magama, wayata ta dawo da sabis, na ja hannun rigarsa.

“Kawu, abin da muka yi wa Malam Buba, ba yaudara ba ce?”

Ya tsaya. “Alhaji ya ce yana son gurgun?”

“Bai ce ba.”

“Ni na ce?”

“A'a.”

“To wa ya yi magana?”

Na ce akuya.

“To ka tahi ka yi mata wa'azi,” in ji Kawu, ya ɗaga wa mai babur hannu.